Kyamarar da Kakata Ta Yarda da Ita

Shekarar da na kammala jami'a na dawo gida Jibiya, aikin farko da na samu kakata ce ta ba ni shi. Tana da ƙanwa guda ɗaya da ta yi aure a wani ƙauye can tsallaken iyaka, wajen Maraɗi. A da suna ziyartar juna duk bayan girbi. Daga baya ciwon gwiwa ya hana babbar shiga mota, hawan jini ya zaunar da ƙaramar, ga kuma rufe iyaka da buɗe ta da aka yi ta yi. Suna jin muryar juna ta waya, amma an daɗe ido bai ga ido ba. Sai ƙaramar ta aiko cewa tana son ganin fuskar yayarta, ko da a hoto ne.

A ganina wannan ba aiki ba ne. Na ciro wayata daga aljihu na nufi inda Kaka take zaune tana tsinke zogale. Kafin in ɗaga hannu ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Maigidana, mai da abin nan inda ka ɗauko shi. Ba ni shiga ciki."

Haka take kirana, irin wasan kaka da jika, ko da yake ta sha cewa ba ta taɓa ganin miji marar fara'a kamata ba. Dalilinta kuwa ba na wasa ba ne. Akwai wata maƙwabciyarmu da aka ɗauka a gidan suna tana tsakiyar kai loma, hoton ya yi ta yawo a wayoyin unguwa har ya iske ɗanta a Legas. Kaka ta gan shi da idonta.

"Waya baki gare ta," in ji ta. "Abin da ta gani da hantsi, kafin azahar duniya ta ji."

Na yi mata bayani dalla-dalla cewa da zarar an aika zan goge shi. Ta saurare ni har na kai aya.

"Kai ka goge. Ita ta manta?"

Abin da ta yarda da shi shi ne hoto irin na da, wanda ake ɗauka da kyamara, a wanke, a miƙa wa mutum a hannu ya adana a akwatinsa. Ni kuma dama na daɗe ina sha'awar ƙaramar kyamara ta yau da kullum, don haka ban yi gardama ba.

Na ɗauki lamarin da muhimmanci kamar jarrabawa. Na yi karatu a kan irin kyamarorin har na san abin da nake nema. Dole ta zama ƙarama, mai shiga aljihun riga, domin wanda ya ratayo babbar kyamara mai dogon hanci ya doshi iyaka ya jawo wa kansa tambayoyi. Ina son wadda batirinta ba zai wahalar da ni a ƙauyen da wuta ba ta zama ba. Sharaɗin Kaka kuwa shi ne kan gaba: kada ta kasance tana da wata hulɗa da waya.

Ranar kasuwa na je rumfar wani ɗan Maraɗi mai sayar da kayan lantarki na gwanjo. Rediyo da agogo da caja ne jibge a gabansa, kyamarorin kuma suna cikin wani ɗan akwatin gilashi. Shi aparai yake ce musu, kamar yadda ake faɗa a can. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauko wata baƙa mai sheƙi.

"Malam, ga wadda ta dace da mai ilimi. Kana latsa nan, hoto ya tahi cikin wayarka. Ko igiya ba ka nema."

"Ita ce kuwa ba na so," na ce. "Ina neman wadda ba ta aika komai ko'ina."

Ya ajiye ta a hankali. Ya leƙa rumfar maƙwabcinsa mai sayar da takalma.

"Alhaji, zo ka ga ikon Allah. Kowa na neman mai magana, wanga bawan Allah bebiya yake nema."

"Ba shi mana," in ji mai takalma. "Wataƙila a gida ya gaji da masu magana."

Na ce musu ban yi aure ba tukuna. Wannan ya ƙara ba su dariya, ban kuma ga abin dariya a ciki ba.

Ya fito da wasu guda biyu daga ƙasan akwatin. Ɗaya ja ce, siririya, kyakkyawa ƙwarai, har zuciyata ta karkata gare ta. Sai dai batirinta na musamman ne, cajarta kuma ta ɓace tun a hanya. Ya rantse zai samo mini wata daga Maraɗi a kasuwa mai zuwa. Ɗayar ruwan azurfa ce, ta ɗan yi kauri, gefenta ya goge, tana cin batir irin na ƙaramar tocila, wanda ko mai tebur a ƙauyen Riko yana sayarwa. Na roƙi izinin gwadawa. Na ɗauki tarin albasar da ke gaban rumfar don in ga yadda take fitar da launi. Na jawo wani jaki da ke can nesa da idon kyamarar don in ga ko hoton zai dushe. Na kashe ta na kunna, ina lura da saurin buɗe idonta. Mai rumfar ya gyara hula ya ce ai ba a gwada aparai da jaki alhali ga mutum, na ɗauke shi shi ma. Ya fito ras, har zanen hularsa. Muka yi ciniki na sa ta a aljihu.

A gida Kaka ta karɓe ta ta jujjuya, ta kai ta kusa da kunne.

"Ina ake sa mata kati?"

"Ba a sa mata, Kaka."

"To kira ta mu ji."

"Ba ta da lamba."

Ta sake jujjuya ta, sannan ta miƙo mini. Ta ce abin da ba shi da lamba ba shi da wanda zai kai wa tsegumi, in ba ta lokaci ta shirya.

Shirin bai zama na rana ɗaya ba. Sai da aka yi mata lalle, aka yi kitso duk da cewa ɗankwali zai rufe shi, aka buɗe akwatin da ba a cika buɗewa ba. Ranar da ta ce ta shirya, ta fito tsakar gida cikin wani tsohon zane mai ruwan shuni, ta zauna a kujera gaban rumbu, ta ɗora hannuwa a gwiwa don lallen ya fito. Hasken safiya ya wadatar, saboda haka na kashe fitilar kyamarar, kamar yadda na karanta ana yi. Na latsa, na ce an gama.

"An gama mi? Ni ban ga walƙiya ba."

Na fara bayanin haske. Ta ce ita dai tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an ɗauki hoto ido bai ƙifta ba. Na kunna fitilar na sake ɗauka, ta ƙifta, ta gamsu. Da na juyo mata gilashin baya don ta gani, sai ta kawar da kai. Hoto, in ji ta, sai an wanke ake kallo.

Na kai aka wanke a cikin gari, na tsaya a kan mai shagon har ya share shi daga kwamfutarsa, domin haka na yi alkawari. Washegari na bi ta kan iyakar Magama, na nuna takarduna a ɓangarorin biyu, kyamarar tana kwance a aljihu babu wanda ya damu da ita. Daga Ɗan Isa na hau babur zuwa ƙauyen.

Na tarar da ƙaramar kakata a inuwar ɗaki tana gyaran wake. Ta fi yayarta jiki, ta kuma fi ta surutu. Sai da ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo mini fura, sannan ta goge hannu a zani ta ce in ba ta saƙonta.

Ta riƙe hoton nesa, ta matso da shi kusa, ta sake nesanta shi. Ta sa yatsa ta shafa fuskar, ta gangaro kan hannuwan. Na sunkuyar da kai ina shirya kalmomin lallashi, domin na tabbata kuka ne zai biyo baya.

"Wanga zane nawa ne," ta ce.

"Na'am, Kaka?"

"Nawa ne. Ta are shi za ta biki tun ba a haifi uwarka ba, ta ce mani ya ɓace a hanya. Dubi yadda ta zauna ciki, ko kunya babu."

Ta fashe da dariya har ta dafa bango, ta kira matan gidan su zo su ga ɓarauniya. Hoton ya zaga hannu-hannu, amma idonta yana biye da shi har ya dawo gare ta. Sai a lokacin ta sa gefen mayafi ta share ido.

Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da nata adon, ta ce in ɗauke ta in kai wa waccan tsohuwar. Bayan na ɗauka na tambaye ta, tunda ni ne ɗan aike, ko in ce a maido mata da zanen.

Ta sake duban hoton da ke cinyarta.

"A'a, bar mata. Ya fi yi mata kyau. Amma kada ka hwaɗa mata ni na ce."