Furannin Oga sun bi kogin Nilu

Ni da wayona na ɗaure kambin furanni a rufin mota, wai kada ya ɓata kujera. Muna haye gadar Nilu daga unguwar Dokki a Alƙahira, iska ta kwashe furannin. Muka isa maƙabartar sojojin yaƙin duniya da gammon ciyawa.

Oga, hafsan ofishin jakadancinmu da nake tuƙawa, ya ce, "Malam Sani, wannan zan ajiye wa mazan jiya?"

Na nuna wani kabari mai sunan Garba. "Ranka ya daɗe, wannan Fatiha ya sani, ina ruwansa da fure?"

Bai yi dariya ba. "Tamam. Duk Juma'a ka kawo masa ita."

Aikina ya tsira, amma Garba na jirana jibi Juma'a. Yarana sun ce ba ruwansu. Wa zai raka ni?