Goggon Kicin da Baƙon Gefen Faranti

Kafin a buɗe babbar ƙofar makarantar rainon yara da ke ƙarshen layinmu, Goggon Kicin ta riga ta iso. Ta ƙaramar ƙofar baya take shigowa, ta rataye jakarta a ƙusar da ke bayan firij, ta ɗaura farin ƙyallen aiki, ta wanke hannu har gwiwa. Daga nan sai ta juye kwandon kayan lambu a kan dogon tebur, ta tsaya tana ƙare musu kallo kamar mai zaɓar wa 'yarta miji. Wanda ya yi yaushi ta ware shi gefe, wanda ya yi mata ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai ne baƙonmu na yau."

Ita ce mai dafa wa yaran makarantar abincin rana, kuma ta daɗe a kan aikin, har waɗanda ta goge wa majina a da sun fara kawo mata nasu 'ya'yan. Ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki. Na tambayi iyaye da dama ko sun san sunanta na yanka, kowa sai ya sosa ƙeya, ni ma da nake tambayar sosawa na yi. Goggon Kicin muka tarar ana kiranta, muka bi sahu, muka damƙa mata cikin 'ya'yanmu muka wuce harkokinmu.

Zancen baƙon nan shi ne dukan sirrinta. In an zuba wa yara shinkafa ko taliya, sai ta bi faranti ɗaya bayan ɗaya tana ajiye ɗan abu a gefe, wanda bai wuce kan yatsa ba: yau yankan karas, gobe kabeji, jibi alayyahu ko koren wake. Sai ta tafa hannu ta ce, "Kun yi baƙo, ku gaishe shi." Ba ta cewa a ci. Wanda ya kalle shi ya gaisa, wanda ya taɓa shi ya gaisa, wanda ya sansana ya yamutsa fuska shi ma ya gaisa. Wanda ya ture shi can ƙarshen faranti sai ta ce masa, "Ba komai, ɗana. A hankali ake sabawa, zai sake dawowa." Kuma sai ya dawo ɗin, ya yi ta dawowa har yaro ya gaji da gaba da shi.

Abu uku ne ba ta yi: ba ta ɗura wa yaro, ba ta yi masa alkawarin alewa, ba ta kuma markaɗe ganye ta ɓoye masa a miya. Malamar ajin ƙanana ta ce ta taɓa tambayarta dalilin na ukun, sai ta ce, "Malama, ran da yaro ya kama ki kin yi masa coge a faranti, ko ruwa kika ba shi sai ya leƙa kofin."

Amma babban abin shi ne kujerar. In ta gama rabo, Goggo takan jawo ɗaya daga cikin 'yan kujerun yaran, ta zauna a tsakiyarsu gwiwoyinta a sama, ta ɗauki nata baƙon ta gatsa. Ana jin ƙarar karas har bakin ƙofa. Ta lumshe ido, ta girgiza kai, ta ce, "Kai, wannan baƙo ya iya zuwa." Mace mai jikoki, wadda a gidanta ko gaban surukinta ba ta iya shan ruwa, ita ce ke zaune tana taunar ganye gaban yara suna ƙirga mata haƙora. Ta ce farkon fara aikin kunya kamar ta kashe ta, sai da ta ga yaro ba ya cin abin da aka ce masa ya ci, abin da ya ga ana ci da marmari shi yake miƙa wa hannu.

Akwai wata 'yar yarinya da ake kira Tsuntsuwa, don cin abincinta tsattsaga ne kamar na tsuntsu. Uwarta tela ce, shagonta na kallon makarantar. Farar shinkafa da burodi kaɗai ke wucewa ta maƙogwaron yarinyar nan. In ta ga kore a faranti sai ta ɗaure fuska ta naɗe hannu a ƙirji kamar an zagi ubanta. Ta yi fari fat, in ta yi ɗan gudu sai haki, har likita ya gaya wa uwar cewa jininta ya yi ƙasa. Ya ba da magani, ya kuma ce in ba ta fara cin abinci mai ganye ba, za su yi ta zaryar asibiti, wataƙila har ta kai ga kwanciya.

Goggo ba ta ɗaga hankalinta ba. Ta sa Tsuntsuwa a kujerar da ke kusa da tata, ta riƙa kiranta ta taya ta wanke alayyahu a roba. Da farko yarinyar da ɗan yatsa ɗaya take taɓawa, daga baya ta zuba hannu biyu, har ta fara kai ganyen hanci. Malama ta ce da idonta ta ga ranar da ta ɗora shi a kan harshe ta yi maza ta cire. Saura ƙiris ke nan.

Ana cikin haka hawan jini ya kayar da Goggo a gidanta. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, ƙafa da hannu suka dawo, amma ciwon ya bar mata baki a karkace ɓangare guda. Kafin ta dawo an samo wata matashiya ta riƙe kicin. Yarinyar kirki ce, sai dai da ta ga ana dawo mata da ganye, sai ta markaɗe shi cikin miya don a zauna lafiya. Tsuntsuwa ta tsinci wani ɗan kore a cokalinta, ta ajiye cokalin, daga ranar ko shinkafar makaranta ba ta ƙara taɓawa ba.

Ranar da Goggo ta dawo, yara suka yi mata caa, wannan ya riƙe zane, wancan ya rungume ƙafa. Ta raba abinci, ta ajiye baƙo, ta jawo 'yar kujerarta kamar kullum. Loma ɗaya ta kai, sai abincin ya zubo ta gefen da ya karkace, ya gangaro haɓa ya sauka a kan farin ƙyallenta, ita kuwa ba ta ma ji ba. Sai da wani yaro ya nuna ta da cokali ya ce, "Laa, Goggo tana dalala kamar jaririnmu!" Ajin ya ɗauki dariya. Yara ne, ba da mugunta suka yi ba, ita ma ta sani. Amma ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ta tashi ta shige kicin, ta daɗe gaban famfo tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Washegari ta zo da takunkumi a fuska. Ta ci gaba da dafawa, ta ci gaba da ajiye baƙo a gefen faranti, amma kujerar ta zauna babu kowa. In yunwa ta kama ta, sai ta shiga sito ta turo ƙofa, ta juya fuska ga buhunan shinkafa ta ci nata a tsaye. Malama ta ce mata, "Goggo, ki dawo mana mana." Ta ce, "Malama, ki rufa mini asiri. Ni da kaina ba na son ganin bakin nan, balle 'ya'yan mutane." Faranti suka fara dawowa da baƙonsu ba a ko taɓa shi ba, har daga yaran da a da suke neman ƙari. Goggo tana kwashewa tana zubarwa, ta ɗauka hannunta ne ya daina daɗi.

Wata ranar da safe tana yanka kabeji, sai ga telar nan ta shigo ta ƙofar baya, da tef ɗin awo rataye a wuya. Suka gaisa, ta yi mata ya jiki, sannan ta tsaya tana murza yatsu.

"Goggo, wata magana na zo da ita, amma wallahi nauyinta nake ji."

"Faɗi mana, 'yar nan. Jikin Tsuntsuwar ne?"

"Jiya mun koma asibiti, sun ce jinin bai ƙaru ba. Da muka dawo na dafa alayyahu na lallaɓa ta, sai ta fashe da kuka. Wai ba za ta ci ba, kada bakinta ya koma irin naki."

Goggo ta ajiye wuƙar.

"Wai ganyen da kike ci kullum ne ya karkatar miki da baki, shi ya sa kika daina ci. Ta ce duk 'yan ajinsu sun sani. Na rantse mata ba haka ba ne, sai ta ce to me ya sa Goggo ba ta ci? Ki yafe mini, Goggo, ba don ranki ya ɓaci na faɗa ba."

Goggo ta ce ba komai, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta zauna a kan buhu. Wannan kunyar ta fi ta farko ciwo. Ita da ta ƙare rayuwarta tana cewa yaro da ido yake cin abinci, ita ce ta manta cewa idon nan yana kanta ko tana ci ko ba ta ci. Ta ɓuya don kada a ga bakinta, ashe ɓuyan nata darasi ne take koyarwa, kuma yaran sun haddace shi tsaf.

Da lokacin abinci ya yi, ta dafa alayyahu, ta bi faranti ta ajiye. Sannan ta jawo 'yar kujerar, ƙafafunta suna ƙara a kan siminti, ta zauna kusa da Tsuntsuwa. Ta kai hannu bayan kunne ta cire takunkumin. Yaran duk suka zuba mata ido.

"Ku dube ni da kyau," in ji Goggo, maganar tana fita a tauye. "Ciwo na yi, irin na tsofaffi. Baƙonmu ba shi da laifi. Kunya ce ta hana ni zama da ku, ga ni na dawo."

Ta ɗebi ganyen ta kai baki. Ta tauna a hankali, kuma abin da take tsoro shi ya faru: ruwan ganyen ya biyo gefen baki, kore shar, ya gangaro haɓa. Ta ga idanunsu sun bi shi. Ta so ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta tashi ba, ta haɗiye ta sake ɗiba. Hawaye suka cika mata ido, ta rasa ko wanne za ta fara gogewa.

Sai Tsuntsuwa ta sauko daga kujerarta. Ta ɗauki ɗan tawul ɗin da ake ɗaura mata a wuya, ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ta goge wa Goggo haɓa, irin yadda Goggo ta sha goge mata. Ta ce, "Ba komai, Goggo. A hankali ake sabawa."

Ta koma ta zauna, ta daɗe tana kallon abin da ke gefen farantinta. Can ta tsinci ɗan ganye da yatsu biyu, ta rufe ido ta jefa a baki, ta yamutsa fuska kamar mai shan magani, ta haɗiye. Nan take ta kai hannu biyu tana shafa kumatunta, ta juya ta ce, "Malama, bakina yana nan daidai?" Malama ta ce yana nan daidai, ta juya ta fuskanci allo, ta daɗe tana goge abin da babu wanda ya rubuta.

Ba zan ce yarinyar ta koma cin ganye kamar akuya ba. Har yau kabeji abokin gabarta ne. Amma tana cin alayyahu da koren wake, kumatunta sun fara yin ja, uwarta ta ce zaryar asibitin ta ragu. Goggo kuwa ba ta sake sa takunkumin a lokacin abinci ba, ko da yake ta gaya mini har yanzu duk ranar da za ta zauna sai gabanta ya faɗi.

Goggo, ke ce kika ci abinci da kunya don 'ya'yanmu su ci da lafiya. Ke ce uwar marasa ci, mai haƙurin jiran loma ɗaya wata da watanni. Mu da bakinmu yake daidai, mu ne muke tsince ganye mu tara a gefen faranti, sannan mu daka wa yaro tsawa don bai cinye nasa ba. Da na je neman izinin rubuta wannan, sai kika rufe baki da tafin hannu kika ce, "Haba ɗan nan, abin kunyar tawa za ka kai wa duniya?" Ki yi haƙuri, Goggo, mun duba mun sake dubawa, ba a wajenki kunyar take ba.

Mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa jikokinki su yi miki abin da kika yi wa namu. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, ƙarshen zango za a mayar da 'yar kujerar nan cikin sauran, kuma babu wanda zai sake cin ganye a madadinmu. Yau in an zuba abinci, ku zauna inda yaranku za su gan ku, ku fara kai lomar.