Ƙwayar da ke sa Kawu shiru

Jiya a wani kemis a Gyadi-Gyadi na ga 'yar kwalbar maganin ciwon ƙirji, irin wadda ba ta barin aljihun marigayi Kawu. Mutumin da in yana hira a Tarauni ake jiyo shi a Hotoro, ƙwayar nan kaɗai ke sa shi shiru. Sai ya zauna, ya sa ta ƙarƙashin harshe.

Wani azumi bayan la'asar ciwon ya kama shi. Gumi ya jiƙe rigarsa, amma ya ƙi karyawa.

Na ce, "Kawu, azumi ana rama shi. Kai fa, ina za mu samo wani?"

Ya harare ni, ya buɗe baki. Da ya lafa ya ce, "Ja'iri."

Yanzu shirun ya yi tsawo. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa.