Waken Gwaggo Sa'adiyya

Gwaggona ce, yayar Babanmu, sunanta Sa'adiyya amma duk lungunmu a Ƙofar Na'isa Dokta ake ce mata. Ba likitar mutane ba ce fa, ta wake ce. Har yanzu mata sukan shigo da yaro mai zazzaɓi su ce Dokta duba mana, ta ce ni in ba wake ba ne ku wuce asibiti.

Ni aji biyu na sakandare na tsaya, to abin da na gane kawai zan faɗa. Kakanmu wake yake sayarwa a kasuwa, kuma kowa ya san wake, wata biyu a buhu ƙwaro ya gama da shi, sai huji sai gari. 'Yan kasuwa sai su zuba maganin ƙwari a ciki. Wai Gwaggo tana yarinya wani gida a bayan namu suka ci irin wannan waken, mutum bakwai aka kwasa asibiti, biyu ba su dawo ba. Tun daga nan ta sa abin a ranta. Ta yi jami'a, ta karanta kemistiri, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har ta zama malama a can. Abu ɗaya take nema, waken da ƙwaro ba ya so, wanda za a ajiye ba sai an sa masa guba ba.

Ƙauye ƙauye take bi, tsofaffi su kwanto mata wake daga bakin zani, ta rubuta sunan garin. In ta dawo ta zuba ƙwaya ashirin a kwalba, ta saka ƙwaro mace da namiji, ta ɗaure bakin da ƙyalle, bayan kwana arba'in ta buɗe ta ƙirga huji. Wanda bai huje sosai ba ta ɓare ɓawonsa ta niƙa ta jiƙa a wani ruwa mai wari, wai akwai wani sinadari a ɓawon da ƙwaron ke gudu, shi take son ganowa. Sai kuma ta shuka, ta haɗa furen wannan da na wancan da ɗan tsinke, ta jira kaka, ta sake sawa a kwalba. Shekara ashirin da biyu tana wannan abu. Cikin kala ɗari uku da wani abu, uku ne suka tsaya mata. Lamba take ba su, na fi tuna 47 don shi take kira ɗan gidana.

Bara babban firijin wajen aikinsu ya mutu, ba a gyara ba. Lokacin ta riga ta dawo gidanmu da zama saboda jinyar kakata Hajo, sai ta kwaso irin nata ta jera a tsohon ɗakin ƙasa na ƙurya, wai ya fi ko'ina sanyi. Masu kyan nan uku ta tara su har kwano biyu da rabi, a robobi masu murfi, daminar bana za ta raba wa manoma su gwada. Su ke nan, babu wasu a ko'ina.

Sai Hajo ta rasu ranar Litinin.

Ranar uku ƙosai ake yi na sadaka, kuma duk mutuwar da aka yi a lungun nan 'Yardada ce ke riƙe madafi, tsohuwa ce maƙociyarmu, ƙawar Hajo tun suna amare. Da sassafe ta kwance buhun waken da Baba ya sayo, ta sa hannu ta ɗebo, sai ga ƙwari suna bin yatsunta.

Ta ce, “Sabo! Kai Sabo! Wannan ka sayo wa uwarka? Ɗan mai wake guda an yi maka sakiyar da ba ruwa?”

Baba daga zaure ya ce, “Iya a tsince mana, haka na samu.”

“A tsince me? Ƙwarin za a tsince ko waken? Ni ban yi wa Hajo sadaka da tsutsa.”

Ɗakin ƙuryar a buɗe yake tun ranar rasuwar, don tabarmi da aka ɗebo. 'Yardada ta shiga neman babban baho, sai muka ji tana salati. Ta fito da roba a hannu ta ce, “Ku zo ku ga ikon Allah, wake kamar an wanke, ko huji ɗaya babu. Dokta ta yi wa uwarta tanadi ba ta faɗa ba.” Ta ce min, “Jummai kwaso sauran biyun, masu ƙwarin na kwalabe ki bar mata kayanta.”

Na kwaso. Wallahi na ga takardun da ke manne a jiki, na ga lambar, ni na ɓanɓare su ma don kar su jiƙe. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, kaina ba komai a ciki, an ce kwaso na kwaso. Muka juye duka ukun a baho ɗaya, muka jiƙa, muka surfa a turmi, muka wanke ɓawon tas ya bi rariya, aka kai inji. Gwaggo tana ɗakin gaba cikin mata tana amsa gaisuwa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ta fito za ta yi alwala. An riga an soya fiye da rabi, ana ta fita da shi a faranti. Ta tsaya a bakin famfo, takardun nan uku suna kan dakali inda na ajiye su na ɗora dutse. Ta ɗauki ɗaya ta duba. Ta kalli robobin a kife.

Ta ce, “Iya, duka?”

'Yardada tana juya ƙosai ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, “Duka mana, Allah ya yi miki albarka. Kin ga yadda ya tashi kuwa? Rabona da wake mai auki irin wannan tun ina da haƙora.”

Matan wajen suka yi 'yar dariya. Gwaggo ta ce, “Allah ya kai ladan kabarinta.” Aka ce amin. Ta yi alwalarta ta koma ciki ta zauna inda ta tashi. Ana ce mata ya haƙuri tana cewa da godiya. An kai mata ƙosan ma a faranti, ya huce a gabanta.

Ni sai a lokacin abin ya faɗo min. Na shiga banɗaki na tsaya, kukan ma bai zo ba.

Bayan la'asar da mutane suka ragu na sami Gwaggo tsugune a bakin rariya, ta naɗe hannun riga, tana tona ɓawon da ya taru da cokali tana zubawa a matankaɗi. Na tsuguna na ce, “Gwaggo ni ce na kwaso.” Ta ce, “Riƙe min nan.” Shikenan abin da ta ce. Muka bi rariyar har waje inda ta haɗu da kwata, mutane na wucewa suna kallonmu. Ƙwaya tara muka samu waɗanda taɓarya ba ta fasa ba, sun kumbura da ruwa.

Ta ce tunda sun sha ruwa ba sa ajiyuwa, ko a shuka yau ko su ruɓe, ga shi damina saura wata uku. Muka huda tsofaffin bokitan fenti muka cika da ƙasa ta shuka su kafin magariba. Na ce wanne ne 47 a ciki? Ta ce ba ta sani ba, an haɗe su, ƙila ma babu shi. Sai sun yi 'ya'ya, an tara, an sake shukawa, an sa a kwalba an ƙirga, shekara uku ko huɗu kafin a gane. Ita kuma baɗi take ritaya.

Ta hana a faɗa wa 'Yardada. Ta ce tsohuwa ta yi wa ƙawarta abin kirki, a bar ta da shi. Baba da ya ji, sai washegari ya sayo ragar waya ya kewaye bokitan saboda kaji.

Huɗu ne suka fito. Ɗaya ya yi rawaya ya mutu a sati na biyu, saura uku. Tana zuwa aiki tana dawowa, tana cin abinci, tana amsa magana in an yi mata, amma ta daina buɗe littattafanta. Kullum da safe ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna gabansu, ta juya ganye ɗaya ɗaya ta duba ƙarƙashi. Jiya 'Yardada ta shigo karɓar turminta ta gan ta a haka ta ce, “Oh ni, duk bokon nan ƙarshenta noman bokiti?” Gwaggo ta ce, “Wallahi kuwa Iya.” Ta tashi ta taya ta mirgina turmin har zaure, ta dawo ta zauna. Yau da safe na ga ɗaya ya fara fure, na kira ta na nuna mata, ta duba ta ce to, ta ce in miƙo mata buta.