Taswirar da Ban Saya Ba a Lyon

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ina aikin fassara a wani ofishi a Paris, na kamu da wata cuta da har yau ban warke sarai ba: tara tsoffin taswirori da littattafan gwanjo. Duk Asabar sai in sauka bakin kogi, inda masu sayar da tsoffin littattafai ke buɗe korayen akwatunansu, in yini ina tone-tone. Matata kan ce idan gara ta gano ɗakinmu, ta samu abincin shekara goma.

A can na saba da wani tsohon Bature mai akwati. Shi ya koya mini ɗaga takarda ta fuskanci haske don in ga layukan da ke nuna aikin hannu ce. Shi ne kuma ya fara nuna mini hoton wata taswirar Afirka da aka buga a Turai fiye da shekara ɗari huɗu. Na duƙa ina karantawa: Cano, Casena, Zegzeg, Guber, Zanfara. Garuruwanmu ne, an lanƙwasa sunayen, an jera su kusa da wani dogon kogi. Na nemi Damagaram tamu ban gan ta ba, don lokacin ba a ma kafa ta ba. Daga ranar na ƙudura sai na mallaki ta ainihi, ba hoto ba.

Wata Asabar na bar akwatin tsohon ke nan, sai na lura wani mutum na bin bayana. Bature ne siriri, cikin kwat ruwan toka. Na tsaya, ya tsaya. Na ƙetara titi, ya ƙetaro. Sai da na kusa matakalar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya matso.

"Yallaɓai, na ji kana tambayar taswirar Afirka. Ina da guda, ta asali, a Lyon."

Ya ce gadon kawunsa ce. Kuɗin da ya ambata bai kai rabin abin da ake sayar da irinta ba. Bai ba ni adireshi ba, lambar waya kawai, ya ce in riƙa kira da safe. Raina bai kwanta ba. Amma duk tambayar da zuciyata ta kawo, sai kwaɗayi ya yi sauri ya ba ta amsa.

Ina da wani aboki, mutumin Maraɗi, mai kantin atamfa da shadda a unguwar Château Rouge. Ya girme ni da kusan shekara goma, Alhaji nake ce masa. Yakan kai kaya Lyon duk wata, don haka na roƙe shi mu tafi tare.

Ya ce, "Malam, takarda ɗaya za ka saya da kuɗin dilar shadda? To, mu je in ga abin da ya hana ka barci."

Muka hau jirgin ƙasa mai gudu da sassafe, kuɗin na cikin aljihun ciki, hannuna bai bar wajen ba har muka sauka. Mutumin ya tarye mu a wani gidan kofi a unguwar Guillotière. Da ya ga mu biyu ne fuskarsa ta ɗan canza. Ya kai mu wani tsohon bene, hawa na uku. Ɗakin babu gado, babu labule, babu ko kofin shan ruwa. Tebur ne da kujeru biyu.

Ya buɗe wani faffaɗan kwali, sai ga ta. Na ɗaga ta wajen taga, layukan suka fito. Ta gaske ce. Ga Cano, ga Casena, ga giwa an zana ta tsakiyar daji da kunnuwa kamar na jemage. Na juya bayanta, na ga wani wuri zagayayye, girman kwabo, da aka kankare har takardar ta yi sirara. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba.

Alhaji bai dubi sunayen garuruwa ba. Babban yatsansa ya sa yana bin gefen takardar, kamar yadda yake duba bakin yadi. Sannan ya ce mini da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, kada ka saya. Gefe uku sun yi duhu, sun yi laushi. Na hagun nan fari ne tas, miƙaƙƙe. Da reza aka yanke ta daga jikin littafi, kuma ba a daɗe ba."

Na ce, "Alhaji, ai duk taswirar da ke kasuwa daga littafi aka ciro ta."

"Na ji. Amma tashi mu tafi."

Ba na iya yi masa musu gaban baƙo, sai na ce wa mutumin zan yi shawara. Muna saukowa, mutumin na biye da mu, Alhaji ya tsaya a matakala, ya ja shi gefe, suka yi magana ta kamar minti ɗaya. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga mutumin yana gyaɗa kai.

Minti ɗayan nan shi ya ɓata mini wata biyu. Tun a jirgi na fara saƙa: ɗan kasuwa ne fa, ya ji abu rabin kuɗi, kuma Casena, wato Katsina, garin kakanninsa ce. Da sati ya zagayo aka ce mini Alhaji ya koma Lyon, alhali ba lokacin kai kayansa ba ne. Na kira lambar mutumin kwana uku a jere, ba wanda ya ɗauka. Na leƙa kantin Alhaji, na hangi wani faffaɗan kwali jingine bayan kanta, an ɗaure shi da igiya. Shi ke nan, na yanke hukunci ni kaɗai: ya kore ni ne don ya saye.

Na gaya wa matata. Ta ce, "Mutumin da ya kwana uku yana yawon nema mana ɗaki lokacin da muka zo, shi zai cuce ka a kan takarda? Ka ji tsoron Allah." Na ce ba ta san 'yan kasuwa ba. Na daina zuwa kantin. Ranar Juma'a idan mun haɗu, sai in ba shi hannu in ce ina sauri.

Wata Asabar tsohon mai akwati ya kira ni gefe. Ya ce 'yan sanda sun bi akwatuna ɗaya bayan ɗaya da hotuna. Akwai wanda ke shiga ɗakunan karatu na ƙananan garuruwa, ya karɓi tsoffin littattafai kamar mai bincike, ya yanke taswirori, ya kankare hatimin da ke bayansu. An kama shi, yanzu waɗanda suka saya ake nema. Ya kwatanta mini shi, siriri, mai kwat ruwan toka. Ya dube ni ya ce, "Kai baƙo ne, takardar zamanka shekara-shekara ake sabunta ta. Ina fata ba ka taɓa sayen kome hannunsa ba."

Abin kunyar shi ne, ko a lokacin tunanina na farko bai wuce cewa Alhaji ya shiga uku ba. Na hau metiro na nufi Château Rouge da niyyar ceto shi. Na same shi yana auna wa wata mata yadi. Da ta fita, ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Alhaji, taswirar nan ta sata ce. Ka fitar da ita daga kantin nan yau."

Ya ajiye almakashi. "Wace taswira?"

Na nuna kwalin. Ya jawo shi, ya kwance igiyar. Samfurin shadda ne, ƙyalle-ƙyalle an manna a jikin kwali, wanda yake nuna wa masu saro kaya. Komawarsa Lyon kuwa, wani abokin cinikinsa ne ya rasu, ya je gaisuwa.

Ya ce, "Ashe abin da ya hana ka zuwa ke nan. Ni na ɗauka fushi kake don na hana ka abin da kake so."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce to me suka tattauna a matakala?

"Tambayarsa na yi garin da kawun nasa ya rasu. A gidan kofi ya faɗi wani gari, a matakala ya faɗi wani daban. Kuma duk zamanmu a ɗakin, bai dubi takardar ba ko sau ɗaya, ƙofa yake kallo. Shekara ashirin ina ciniki, mai kaya kayansa yake kallo."

Na nemi gafara. Ya ce ya yafe, ya aika aka kawo shayi, bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Har yanzu ina sayen tsoffin littattafai, kuma na ƙware wajen duba gefen takarda. Abin da ke damuna idan na tuna shi ne, mutumin da na sani na minti goma, mai ɗakin da babu ko labule, na yi ta nema masa uzuri. Wanda na ci abinci a gidansa shekara bakwai kuwa, kwali ɗaya na gani a jingine na ɗora masa laifi. Allah ya jiƙan Alhaji.