Malam Hamidu da Ayun Namtari

Ina cikin aji a unguwar Karewa ƙanwata ta bugo waya, ta ce Allah ya yi wa Malam Hamidu rasuwa. Na ajiye alli.

Shi ya koya mana kimiyya a sakandare a Jimeta. Mutum ne mai magana a hankali, ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba. Wata rana ya shigo aji da kanari a keji, ya zana ayu a allo, dabbar nan ta kogin Binuwai mai shayar da ɗanta nono. Ya ce, "Kanari yana waƙa, kowa na sonsa. Ayu kuwa ba a jin muryarsa. Ranar da zai ƙare a kogin nan, ba wanda zai sani."

Shekarar da muka gama makaranta ruwan kogi ya janye da wuri, uwar ayu da ɗanta suka maƙale a wani tafki bayan ƙauyen Namtari. Da muka isa tare da Malam, masunta sun kewaye tafkin, kowa da mashi, mata na jira da kwanoni. Malam ya shiga ruwa har ƙirji da rigarsa, ya tsaya a gaban dabbar.

Sarkin ruwa ya ce wa Malam, "Modibbo, fito. Yaranmu sun daɗe ba su ga nama ba."

Malam ya ce masa, "Bappa, yaushe rabonka da ganin ayu kafin wannan?"

Tsohon ya ce, "Tun ina da ƙarfin tuƙa jirgi."

"To, ina da bijimi a gida. Ku yanka shi, ku bar mini wannan."

Sarkin ruwa ya kafa mashinsa a ƙasa, ya ce a kawo fartanya. Da mu da masuntan muka haƙa hanyar ruwa daga tafkin har bakin kogi. Da uwar ta ɗago hanci a tsakiyar Binuwai, ɗan na manne da ita, mata suka rangaɗa guɗa. Malam, jiki duk laka, yana ta dariya. Ya kuma cika alkawarin bijimin. Har yau masuntan wurin in ayu ya faɗa komarsu sakinsa suke yi, kuma su ne suka ɗauki makarar Malam.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Goggo Asta da 'ya'yansa haƙuri, ya tsare musu bayansa. Amin.