Hannun Baba a Gadon Bayan Akawal

Ni ne ɗan fari a gidanmu, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" yake ce mini, in kuwa da wani yake magana sai ya ce "wancan". Haka abin yake a ƙauyenmu, can gaba da Bici: uba yana kunyar ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, ba sa zama tabarma ɗaya. Na san ba ƙiyayya ba ce. Amma wallahi sanin bai hana abin ci mini rai ba, tun da mutumin da bai taɓa dafa kaina ba, da tafin hannu yake cin abinci.

Tausar dawaki ce sana'arsa. A ƙasarmu gona ta haɗe da gona, babu filin da doki zai sake, rabin rayuwarsa a turke yake yi. Sai jiki ya sandare, ko baya ya riƙe, ko sirdi ya ci shi bayan an yi hawan angwanci. Daga ƙauyuka ake jawo wa Baba su, har daga wajen Ɗambatta. Zai naɗe hannun riga, ya lakato man kaɗanya, ya tsaya dokin ya shinshine shi tukuna. Bai taɓa faɗa wa wurin ciwo kai tsaye ba. Daga nesa yake farowa, bayan kunne ko wuya, yana bi a hankali har dabbar ta yarda da shi. Ƙanina ya koya wa sana'ar. Ni ko sau ɗaya bai kira ni ba, ɗan abin da na sani da ido na tsince shi.

Na girma, na yi iyali, na kama noman rani a bakin madatsar ruwa ta Watari. Ƙanina ya tafi Kudu neman abinci. A wata bazara hawan jini ya kayar da Baba a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. A asibiti suka ce kullum a riƙa tausa masa hannun ana miƙar da yatsun, in ba haka ba za su ƙage, su dunƙule har abada. Muka dawo gida Baba ya ce atafau ba mai taɓa masa hannu. Inna ta matso da mai, ya juya mata baya. Ni kuwa ai ba a ma maganata. Ya lulluɓe hannun da mayafi, ya daina leƙa ko ƙofar ɗaki. Kullum na shiga gaishe shi ina satar kallo, ina ganin yatsun suna ƙara lanƙwashewa a ƙarƙashin mayafin, in fito raina a dagule.

Yana da dokinsa na kansa, tsohon akawal baƙi wuluk, a ɗaure a turken tsakar gida, daidai inda ake hango shi daga gadon Baba. Muna zuba masa harawa da dusa, amma a cikin hidimar jinya ba wanda ya tuna ya zagaya da shi. Wata safiya na kwance shi, sai ga shi yana ɗingisa ƙafar gaba, yana taku kamar a kan ƙaya.

Baffa, ƙanin Baba, ya zo ya duba ya ce lalas za a yi masa, wato a gasa ƙarfe a ɗora a kafaɗar, zafi ya kori zafi. Washegari da hantsi sai ga shi da kasko da gawayi da ƙarfensa. Ni dai mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, amma na danne na durƙusa.

"Baffa, don Allah ka dakata. Baba bai taɓa yarda a ƙona masa doki ba."

"To shi mai dokin yana ina?" in ji Baffa, yana fifita wuta. "Ko kai ka iya ne? Da tumatir ka ƙware, ɗana."

Maganar ta soke ni. Na miƙe na ɗauko kwalbar man Baba daga zaure, na nufi akawal ba ko sallama. Ƙafar gaba yake ɗingisawa, don haka kafaɗar na cafka na danna da iyakar ƙarfina. Dokin ya kwantar da kunnuwa, ya kawo mini cizo, ya yi tsalle har turken ya girgiza. Da ƙyar na sha.

"Kai! Ba nan ba!"

Daga ɗaki muryar ta fito, a murɗe, amma da ƙarfin da ba mu ƙara ji ba tun faɗuwarsa. Inna ta saki muciya. Kafin mu ankara Baba yana bakin ƙofa, hannun hagu a kan sanda, yana jan ƙafa, fuskarsa ta yi jawur. Baffa ya bar wutar ya ruga ya tallafe shi. Haka suka tako har turke, Baba yana haki, mayafin nan a kafaɗarsa.

Akawal ya miƙo wuya ya tura hancinsa a ƙirjin Baba, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Baba ya fara ba ni umarni, bai dube ni ba. Kalmomin suna fitowa a cakuɗe, ban gane ko ɗaya ba. Ya maimaita, na sake sa hannu inda ba nan ba. Ya yi yunƙurin sakin sanda ya nuna da hagu, sai ya tafi luu zai faɗi, Baffa ya riƙe shi. Daga nan Baba ya sunkuyar da kai yana kallon hannun daman da ke lilo a gefensa, hannun da ya san jikin dokin nan ciki da waje. Na ga hawaye a idonsa, abin da ban taɓa gani ba.

Ban nemi izini ba, don na san ba zan samu ba. Na yaye mayafin na kama hannun. Sanyi ƙalau, ga nauyi, fatar tafin har yanzu da kantar aiki. Ina da furfura a gemu a lokacin, amma ranar na fara riƙe hannun ubana. Baba ya kawar da kai can gefe, sai dai bai ce in saki ba.

Na shafa mai, na miƙar da yatsun a hankali na ɗora a bayan kunnen akawal, na rufe da nawa tafin. Baba ya tura kafaɗarsa gaba, na gane nufinsa, muka gangara. Da kafaɗa yake tuƙa ni, ni kuma ina ba da ƙarfi. Muka bi wuya a ƙarƙashin geza, muka wuce kafaɗar da na danna ba mu tsaya ba, muka hau gadon baya. Daidai inda gaban sirdi yake zama na ji wani ƙulli ta tsakanin yatsunsa, kamar goro a ƙarƙashin fata.

"Tsaya," in ji shi. Wannan kam na ji ta sarai.

Muka tsaya, ba murza ba komai, nauyin hannu kawai. Rana tana dukanmu, ƙudaje suna damunmu, ba wanda ya motsa. Can sai ƙullin ya fara saki. Leɓen akawal na ƙasa ya zubo, ya yi wata doguwar hamma, ya sauke ajiyar zuciya har haƙarƙarinsa suka motsa. Baffa ya je ya ɗauki buta ya kashe gawayinsa.

Da muka mayar da Baba, ya ƙi shiga ɗaki. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa. Na ajiye kwalbar mai zan wuce, sai na ji ya bubbuga tabarmar da hannun hagu. Na ɗauka Baffa yake kira. Ya sake bubbugawa, idonsa a kan katanga.

"Zauna." Ya ja numfashi, ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Daga nesa za ka faro. Kada ka faɗa wa yatsun."

Na zauna a tabarmarsa, na fara daga wuya.

Akawal ya warware kafin damina ta sauka. Hannun Baba bai ƙara riƙe ko cokali ba, ba zan yi ƙarya ba, amma yatsun ba su dunƙule ba, a miƙe aka sa shi a likkafani, Allah Ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗi sunana ba. Sai dai Inna ta ce duk ranar da na makara a gona, da hantsi ya yi zai fara leƙen zaure, ya yaye mayafin da kansa, ya ce mata, "Ina wancan ne? Rana tana yi."